Kundin Gyaran Ƙafar Hilux Ɗina: Shakazoba, Tsayi da Taya

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

Motar Toyota Hilux ce ƙirar 2012, wadda ake kira Vigo, mai ƙofa huɗu, mai ja da ƙafa huɗu, injin fetur mai lita 2.7. Aikinta biyu ne: zirga-zirgar cikin Kano ranakun aiki, da zuwa gona wajen Tudun Wada a ƙarshen mako. Daga Kwanar Ɗangora zuwa inda ake sauka daga kwalta babu laifi sosai. Daga nan ne ake shiga burji mai gargada, sai kuma hanyar shanu.

Abu uku nake so. Na ɗaya, ta daina jijjiga mutane, don Hajiya ta ce ba za ta ƙara shiga bayanta ba sai dai a nemo mata wata motar. Na biyu, gabanta ya taso, domin ta dunƙufa da hanci har farantin da ke kare ƙasan inji yana shafar tudun tsakiyar hanya. Na uku, in sa mata taya mai ɗan girma.

Kafin a taɓa ko noti ɗaya na yi awo. Na cika tanki, na ajiye ta a simintin da yake shimfiɗe daidai, na auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi. Daga tsakiyar wili ake aunawa, ba daga ƙasa ba, don kada iskar taya ko girmanta su shiga lissafin. Gaba hagu milimita 518, gaba dama 530, baya hagu 572, baya dama 580. Wato baya ya fi gaba da wajen milimita 50, kuma motar ta karkata hagu. Karkatar ba ta ba ni mamaki ba: tankin mai da batir da ni kaina duk a hagu muke, shekara da shekaru sifirin ɗin ɓangaren nan yake ɗauke da mu.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na sayi gejin iska nawa na kaina, na gwada tayoyin da sassafe kafin su yi zafi. Ƙaramar cikinsu 48 ce, babbar 52. Takardar da kamfani ya manna a jikin ƙofar direba kuwa wajen 29 ta rubuta idan babu kaya. Masu faci in suka ga a-kori-kura sai su ɗirka mata iska kamar za ta Dawanau da buhu goma sha biyu. Na sauke duka zuwa 30, na bi titin da na saba bi. Wallahi kashi mai tsoka na bugun da nake kuka da shi ya tafi, ban kashe ko sisi ba. Duk wanda zai fara irin wannan aiki, ya fara daga nan.

Abin da bai tafi ba shi ne lilo. In ta hau tudun rage gudu, sai ta yi ta sama da ƙasa kamar kwalekwale kafin ta natsu. Wannan kam aikin shakazoba ne.

Da yamma muka ɗora ta a kan rami a garejin bakanikena. Shakazobar baya ta hagu ta jiƙe da mai, ƙura ta daskare a kai. Ta dama a bushe take, amma da aka kwance ta, yaron gareji ya tura ta da hannu ɗaya ta shige ba gardama, ta ƙi dawowa. Na gaba ma robobinsu na ƙasa sun tsattsage. Boljoyin ɗin sama na hagu yana ɗan wasa. Tayarod lafiya.

Oga, wato bakaniken, ya ce, "Alhaji, mu sa mata shakazoba mai ƙarfi, za ka ga ta miƙe."

A nan muka ɗan yi musu. Shakazoba ba ta ɗaukar nauyin mota. Sifirin ke ɗauka: mai naɗi a gaba, mai falle-falle a baya. Ita shakazoba aikinta ta hana sifirin ci gaba da tsalle bayan ya sha duka. Fistin ne a cikin mai, man yana matsewa ta ƙananan ƙofofi, ƙarfin tsallen ya koma zafi ya fita ta jikin ƙarfen. Iskar gas da ke ciki takan ɗan tura motar sama kaɗan, abin da bai taka kara ya karya ba. In mota ta zauna, sifirin ne ya gaji. Ya ce ya sani, amma haka masu mota ke son ji.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Makon nan duk a kan zaɓi ya ƙare. Na zaga Ƙofar Ruwa, na yi waya Panteka a Kaduna, na yi magana da wani mai kawo kaya daga Ladipo a Legas.

Iri biyu ne a kasuwa in an bar maganar suna. Akwai mai kwanso biyu, wadda yawancin motoci ke fitowa da ita: fistin yana aiki a kwanson ciki, rarar mai tana zama a na waje. Tana da laushi a hawa, tana da sauƙin kuɗi, kuma in dutse ya lotsa kwanson waje ba lallai ta mutu ba. Matsalarta doguwar gargada. In ta daɗe tana bugawa da sauri, mai ya yi zafi ya gauraya da iska ya yi kumfa, fistin ya riƙa ratsa kumfa maimakon mai, sai ka ji motar ta saki jiki tana yawo. Akwai kuma mai kwanso ɗaya: mai a gefe, iskar nitrojin mai matsi a gefe, wani fistin na daban yana tsakani ya raba su. Ba ta kumfa da wuri, tana saurin huce zafi tunda kwanson da mai ke ciki shi ne a waje, fistin ɗinta kuma ya fi faɗi. Wani Bafaranshe, Bourcier de Carbon, shi ya ƙirƙiro wannan tsari, kamfanin Bilstein na Jamus ya ɗauka, ya fara sa wa motocin Marsandi a 1957. Illarta ita ce in kwanson ya lotsa, shi ke nan, fistin ba shi da hanya.

Na duba KYB ta Japan, wadda ita ce mafi sauƙin samu a nan, suna kuma yin iri biyun. Na duba Old Man Emu na kamfanin ARB a Ostireliya, waɗanda ke sayar da shakazoba da sifirin a haɗe gwargwadon nauyin da mota ke ɗauka. Mutanen can sun san Hilux, sun kuma san gargada, amma cikakken saitin ya fi ƙarfin aljihuna a bana. A ƙarshe na tsaya a kan Bilstein jerin 5100, mai fistin milimita 46, saboda dalili ɗaya: ta gaba tana da tsage-tsage a jikinta, da wani zoben ƙarfe da ake sakawa a tsagar da ake so. A kan zoben nan kujerar sifirin ke zama. In ka matsar da zobe sama, gaban mota ya taso. Wato ba shakazobar ce ke ɗagawa ba, wurin zaman sifirin ne ya canza.

Wani ya ba ni shawarar in bar duk wannan, in sayi faifan ƙarfe ko na roba a ɗora a saman shakazoba, kuɗi kaɗan, mota ta tashi. Tana tashi kam. Sai dai faifan yana ƙara wa dukan shakazobar tsawo, ƙafar ta riƙa saukowa fiye da yadda aka tsara mata, boljoyin da shaf su sha wahala duk lokacin da taya ta faɗa rami. Kuma tsohuwar matacciyar shakazobar tana nan inda take. Ga mai yawo cikin gari da ke son ado, ƙaramin faifai ba laifi. Ga hanyar gona ban yarda da shi ba.

'Yar Beljiyam ma na ƙi. Shakazoba ba kamar ƙofa ko fitila ba ce da ido zai gaya maka lafiyarta. An wanke ta, an fesa mata fenti, ba ka san kilomita nawa ta ci a can ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Kaya sun iso: shakazoba huɗu, sifirin gaba biyu sababbi masu ƙarfi irin na kamfani, kan shakazoba na sama da robobinsa, boljoyin biyu. Na gwada lambobin da ke jikin ƙarfe da na kwali da na shafin kamfanin a intanet, sun yi daidai. Jabun kayan mota ya yi yawa a kasuwanninmu, kwali mai kyau ba shaida ba ne.

Sifirin mai kauri aka so sayar mini, irin na motar da aka ɗaura wa bambar ƙarfe da injin jan mota a gaba. Tawa ba ta da ko ɗaya. Sifirin mai ƙarfi a ƙarƙashin gaba mara nauyi bugu kawai zai ƙara.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Aikin gaba. Mun fara bayan sallar asuba don mu riga cunkoson gareji.

Kafin a kwance komai sai da muka yanke shawarar tsagar da zobe zai zauna, domin in an haɗa an ɗaura, canzawa na nufin a sake kwance komai daga farko. Oga yana son ta can sama, ya ce ai kuɗin tsayi na biya. Ga abin da ya sa na ƙi. Shakazobar gaba ba a kan wili take ba, a tsakiyar hannun ƙasa take ɗaure, tsakanin casis da wili. Saboda haka duk milimita ɗaya da aka matsar da zobe, wili yana motsawa kusan biyu. Na biyu kuma, tsawon tafiyar ƙafa daga can sama zuwa can ƙasa ƙayyadadde ne. In ka ɗaga mota da milimita 50, ba ka ƙara mata tafiya ba, ka ɗebo 50 ne daga rabon saukowa ka mayar rabon hawa. Motar da aka ɗaga har ƙarshe, ƙafarta ba ta da sauran wurin saukowa. Da taya ta faɗa rami sai ka ji "ƙwas", shakazoba ta miƙe iyakarta, motar gaba ɗaya ta bi tayar cikin ramin. Yawancin Hilux ɗin da ake gani a gari sun yi tsayi suna tafiya suna tsalle, abin da ke damunsu ke nan, masu su kuma suna ɗora laifin a kan shakazoba. Tunda sabon sifirin da kansa zai dawo da abin da tsohon ya zubar, na ce a sa zobe a tsaga ta biyu daga ƙasa.

Matse sifirin shi ne wuri mai haɗari. Na ga gareji inda ake ɗaure shi da waya ko a danne da jak a ƙarƙashin wata motar. Sifirin gaban Hilux in ya kufce yana iya karya hannu ko ya fasa kai. Mun kai wa wani mai injin matsewa na tsaye a Kwakwaci, ya haɗa su cikin 'yan mintuna. Na tsaya a kansa don abu biyu: zoben ya shige tsagarsa ko'ina da ko'ina, kujerar sifirin kuma ta hau ta rufe shi ta fuskar da ta dace. In an kifa kujerar, zoben na iya fita a kan hanya.

Wajen ɗaurawa, yaron ya ɗauko dogon bututu zai ƙulle notin ƙasa mota tana rataye a kan jak. Na ce, "Ɗan samari, dakata." Robar da ke idon shakazoba da ta hannun ƙasa a manne suke da ƙarfensu, ba juyawa suke ba, murɗewa suke. In ka ƙulle su ƙafa tana rataye, da an sauke mota sai robar ta zauna a murɗe, tun kafin a yi tafiya. Ba ta daɗewa take tsagewa. Aka ɗaura sama-sama, aka sauke motar, aka tura ta gaba da baya, sannan aka shiga rami aka ƙulle da sifana mai awo.

Awon yau: gaba hagu 563, gaba dama 567. Zai sauka kaɗan in sifirin ya zauna.

Lahadi, 1 ga Disamba

Na baya ba wuya, noti biyu-biyu ne. Amma da muka wanke laka muka haska fitila, sai ga falle na biyu a sifirin hagu ya tsage kusa da tsakiya. Ga dalilin 572. Mun ɗaura shakazobar, sifirin kuma sai an samo.

Asabar, 14 ga Disamba

Gaba ya zauna a 556 hagu, 559 dama. Baya yana 573 da 580. A ido motar ta miƙe ɗoɗar, har wani maƙwabci ya tambaye ni ko sabuwa na saya.

Na kai ta saitin ƙafa a wurin masu kwamfuta. Wannan ba zaɓi ba ne: duk motar da aka canza wa tsayin gaba, saitinta ya tafi. Tun a hanyar zuwa na ji sitiyari ya yi sakayau, ba ya son dawowa tsakiya bayan kwana. Abin da ke jawo haka shi ne kwanciyar da sandar juyawar wili ke yi zuwa baya, wadda masu saiti ke kira kasta, tana raguwa in an ɗaga mota. A Vigo ana gyara ta da notuna masu faifai da ke gindin hannun ƙasa. An ci sa'a nawa ba su ci tsatsa sun kafe ba, kuma ɗagawar ba ta yi yawan da za ta cinye iyakar saitin ba. Da na bi ta Oga, da sai na sayi sabon hannun sama na musamman kafin kasta ta dawo.

Na roƙi mai saitin ya ba ni kasta gwargwadon abin da zai iya a cikin iyakar littafi. Dalili biyu: sitiyari ya natsu a kan kwalta, kuma in ta hannun ƙasa aka ƙara ta, wili yakan ɗan matsa gaba, ya yi nesa da bayan madigadi inda babbar taya ke gogawa.

Yadda take tafiya yanzu: a cikin gari, a hankali, kan ƙananan faci-facin kwalta, ana jin hanya fiye da da. Haka aka tsara irin wannan shakazoba, tana riƙewa da wuri don kada mota ta kwanta a kwana ko ta dunƙufa a birki, sai ta saki in bugu ya zo da ƙarfi. A burji kuwa, nan kuɗin ya fito. Gargadar da nake bi da giya ta biyu ina riƙe sitiyari da hannu biyu, yanzu ina wucewa bayan motar bai fita layi ba. Da na isa gona na taɓa jikin ta baya, da zafi sosai, amma riƙonta bai canza ba daga farkon burji zuwa ƙarshe.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ranar taya. A kan motar akwai 265/70R16. Lambar farko faɗi ne a milimita, ta biyu tsayin gefe a matsayin kaso na faɗin, ta ƙarshe girman wili a inci. In an buga lissafi, tsayin wannan tayar gaba ɗaya milimita 777 ne. Biyu nake dubawa: 265/75R16 mai 804, da 285/75R16 mai 834. Zuciyata tana kan ta biyun, don ita ce ke cika ido.

Mai tayar mutumin kirki ne, ya yarda a ɗaura 285 ɗaya ta hannu a gaba hagu mu gani. Mota a tsaye, sitiyari a miƙe, ga fili har da saura. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ta zauna. Ba ka ɗaga ta ba?"

To, a nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Ɗagawa tana canza inda ƙafa ke hutawa ne kawai. Robar da ke tare ƙafa in ta hau har ƙarshe tana nan inda kamfani ya sa ta. Ranar da ka faɗa kwazazzabo da kaya a baya, wili zai hau ya kai daidai inda yake kaiwa kafin a ɗaga. Tayar da ba ta shiga a motar da ba a ɗaga ba, ba ta shiga a wadda aka ɗaga, sai dai gogar ta ragu daga kullum zuwa wani lokaci. Kuma wani lokacin nan shi ne lokacin da bugu ya fi ƙarfi.

Sai muka gwada yadda ya kamata. Aka murɗa sitiyari har ƙarshe, na ja baya a hankali na hau da tayar kan tudun bulo. Ta cije robar kare laka, ta kama robar cikin madigadi, saura ƙiris ta taɓa ƙarfen da gangar jiki ke zaune a kai a bayan wili. Ta ciki kuma, tsakanin gefen taya da hannun sama ko yatsa ba ya shiga. Wilin kamfani yana shigar da taya ciki sosai. In ka sa faifai ko ka canza wili don ka fito da ita waje ta rabu da hannun sama, sai da'irar da take zagawa in an murɗa sitiyari ta ƙaru, ta ƙara cin ƙarfen baya. Daga nan sai a kira mai walda ya yanke shi. Ga kuma wilina faɗinsa inci 7 ne, alhali 285/75 tana son 7.5 zuwa sama.

Sannan ga inji. Taya mai 834 ta fi ta asali da kashi 7 cikin ɗari da ɗoriya, wato kamar an tsawaita kowace giya da wannan kason. Ga mai dizal da tobo wataƙila a haƙura. Ga 2.7 na fetur da buhuna a baya a hawan tudu, da kuɗin mai yadda yake tun da aka cire tallafi a 2023, ban ga riba ba. Birki ma aikinsa ƙaruwa yake.

Aka cire, aka ɗaura 265/75. Gwaji iri ɗaya: ta ɗan shafi robar kare laka a ƙarshen sitiyari, ba ta taɓa ƙarfe ko'ina ba. Muka yanke ɗan gefen robar da wuƙa, magana ta ƙare.

Abin da ta ƙara wa mota a ƙasa milimita 13 ne kacal, rabin bambancin tsayin. Kaɗan ne, amma shi kaɗai ne ƙarin da tulun aksil na baya ya samu a duk wannan aiki. Sifirin gangar jiki yake ɗagawa, aksil yana nan a kan tayoyinsa.

Asabar, 18 ga Janairu

Na sayi biyar, har da safaya. A mota mai ja da ƙafa huɗu ba a son taya ɗaya ta bambanta da sauran a girma. Safayar ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi, da ƙyar amma ta shiga.

Girman nan yana zuwa iri biyu. Akwai mai LT a gaban lamba, mai kaurin gefe, wadda lambar nauyinta kan kai 123, wato kilo 1,550 kowace taya. Akwai mara LT mai 116, kilo 1,250. Ta asali 112 ce, kilo 1,120. Mai LT ta fi jure kututture da ƙaya, amma ta fi nauyi, tana kuma son iska mai yawa, wato ta dawo mini da bugun da na kashe kuɗi na kora. Na ɗauki mai 116. Na duba lambobi huɗun da ke ƙarshen layin DOT a gefen taya, masu nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Duka na 2024 ne. Jami'an kiyaye haɗurra na FRSC suna duba wannan lamba a hanya, kuma ko ba su duba ba, taya da ta shekara biyar a shago a zafin Kano ba sabuwa ba ce.

Agogon gudu yanzu yana rage kusan kashi 3 da rabi cikin ɗari a kan yadda yake nunawa da. Na gwada da GPS na waya: kusan daidai suke tafiya, tunda dama agogon kamfani yakan ɗan yi ƙari. Sai dai in ina lissafin shan mai dole in tuna kilomitan da yake ƙirgawa sun gaza na gaskiya.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na ɗauko masara buhu biyar daga rumbun gona, wajen rabin tan. Baya ya sauka zuwa 520 da ɗoriya, gaba ya ɗan ƙara tashi. Motar ta zauna da gindi, hanci sama. Magariba ta same ni a hanya, duk motar da ta taho sai ta watso mini fitila, alhali ƙaramar wuta na kunna. Sitiyari kuma ya yi sauƙin da ba na so.

Wannan shi ne amsar tambayar me ya sa kamfani ke fito da a-kori-kura bayanta a ɗage. An bar wannan tazarar ne don in an yi lodi ta dawo daidai. Wanda ya daidaita gaba da baya mota tana wayam, ya zaɓi ta yi kyau ranar da ba ta aiki. A Amurka, inda wannan ado na daidaitawa ya yi ƙarfi, da yawan masu irin motocin ba sa ɗora musu komai. Tawa tana ɗauka.

Oga ya ce a ƙara falle ɗaya kowane gefe, yadda ake yi wa motocin kasuwa. Yana ɗaga baya, yana ƙara juriyar kaya, amma ranar da babu kaya mutanen kujerar baya za su gane kurensu. Kuma ƙarin falle ba ya ƙara wa casis da birki da aksil ƙarfi. Abin da aka rubuta mata bai wuce tan ɗaya ba, har da mutanen ciki. Tunda dama falle ɗaya a tsage yake, na ce a canza sifirin biyun gaba ɗaya da irin na kamfani.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An ɗaura sababbin sifirin baya da sababbin robobi da sababbin maɗauran aksil masu siffar U. Tsofaffin maɗaura ba a mayar da su, in an taɓa ƙulle su sun miƙe. Baya yanzu 596 hagu, 599 dama. Tazarar gaba da baya ta koma wajen 40. Wato bayan duk wannan zagaye, milimita 10 kawai na rage daga tazarar da na fara da ita, sai dai motar gaba ɗaya ta tashi, karkatar hagu kuma ta kusa ɓacewa.

Akwai wani abu da kanikawa kan manta. Tawa ba ta da ABS, na'urar da ke hana taya kafewa in an taka birki, don haka a baya akwai wani bawul na birki da siririn ƙarfe ya haɗa da aksil. Shi ke "jin" nauyin kaya: in baya ya sauka sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ya tashi ya rage don kada tayoyin baya su kafe. In tsayin baya ya canza, sai an duba saitinsa. Muka duba muka daidaita, na gwada birki a burji babu kaya, gaba ne ya fara kamawa, yadda ake so. Fitilun gaba ma an sake saita su a jikin bango.

Asabar, 5 ga Afrilu

Azumi ya wuce, an yi salla lafiya. An sake bin notunan maɗauran aksil, kowanne ya ɗan karɓa. Hajiya ta shiga baya zuwa gaisuwar salla a Gwarzo. Ba ta yaba ba, amma ba ta yi ƙorafi ba, ta kuma yi barci a hanyar dawowa.

Asabar, 19 ga Yuli

Damina ta zauna. Na kai taki buhu goma, nauyi ɗaya da masarar Fabrairu. Da iska 40 a baya, motar ta tsaya kusan daidai, baya 552, gaba 560. Fitila ba ta damun kowa. A mashigin rafin da ke kusa da gona, inda da farantin ƙasa ke karta, ta wuce ba ta taɓa ba. In laka ta cika madigadi, tayar gaba takan ɗan yi ƙara a ƙarshen sitiyari, da an wanke sai ta daina.

Tayoyin suna ci daidai, ba gefen da ya fi wani. Shan mai ya ɗan ƙaru a cikin gari, a doguwar hanya ban ga bambanci ba. Shakazoba huɗun a bushe suke.

Abin da na gani yau a rami shi ne robar shaf ta ciki a hagu ta fara tsatstsafo da giris a bakin maɗaurinta. Tsohuwa ce tun ta kamfani, ga shi kwanar da shaf ke yi ta ɗan ƙaru da ɗagawar. Ba ta yage ba tukuna, amma in ruwan laka ya shiga, shaf ɗin gaba ɗaya zai tafi. Na ba da sautun robobi biyu, na hagu da na dama. Oga ya ce in kawo ta ranar Talata da safe, kuma tunda za a cire shaf, za mu duba mai na tulun aksil na gaba ko ruwa ya shiga.